Yadda Wuƙa da Tawada Ke Ba Tatsuniya Murya: Jagora ga Mai Son Bugun Zane

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da dare, ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara suka amsa "ta zo mu ji ta", ya san cewa labarin kansa rabin abin ne. Sauran rabin murya ce. In ta zo kan Gizo sai ta karkace harshe ta yi tsamin baki, kowa ya kwashe da dariya. In ta zo kan Dodo sai ta saukar da murya can cikin ƙirji, yara su matso jikin juna. Mai bugun zane ba shi da maƙogwaron da zai yi wannan. Muryarsa ita ce irin allon da ya zaɓa, da irin yankan da ya yi masa, da yawan tawadar da ya bari a kai. Abin da nake so in nuna a nan ke nan, daki-daki, da misali guda da za mu bi har ƙarshe: daren da Bayajidda ya tsaya a bakin rijiyar Kusugu a Daura.

Bugun zane shi ne a sassaƙa ko a karce hoto a kan allo na katako, ko lino (wani abin shimfiɗar daɓe), ko roba, ko ƙarfe, a shafa masa tawada, a ɗora takarda a danna, hoton ya tashi a kanta. Duk wanda ya ga mai yanka hatimi a bakin ofis yana fere roba da reza ya riga ya ga tushen sana'ar.

Mataki na farko: zaɓi lokaci ɗaya tak daga cikin labarin

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a so a cusa labarin duka a takarda guda. Labarin Daura yana da tsawo: zuwan baƙo, da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, da tsohuwar da ya sauka a gidanta ya nemi ruwa ta ce babu, domin macijin da ake kira Sarki ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da kisan macijin, da auren Daurama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hoto ne mai zaman kansa, kuma kowanne da yanayinsa.

Ka zauna ka rubuta kalma ɗaya, abin da kake so mai kallo ya ji a cikinsa kafin ya gane abin da yake kallo. Tsoro ne? Ƙishi? Jarumta? Kaɗaicin baƙo a garin da bai san kowa ba? Ni na zaɓi lokacin da guga ya riga ya sauka cikin rijiya, igiya ta yi nauyi, amma macijin bai fito ba tukuna. Kalmata ita ce fargaba. Ka ajiye kalmarka kusa, domin duk shawarar da za ka yanke daga nan ita za ka riƙa tambaya.

Mataki na biyu: zaɓen dabara, wanda shi ne zaɓen murya

A nan ne ya kamata a daɗe, domin wanda ya kuskure a nan, ko ya iya zane kamar me, hoton zai faɗi abin da bai yi niyya ba.

Katako yana da taurin kai. Wuƙa na tafiya lami lafiya in ta bi jijiyarsa, amma in ta gitta sai ya tsage, bakin layin ya fito da kaushi. Wannan gardamar tana fitowa a takarda, har jijiyar itacen kan bayyana cikin baƙin kamar iska na kaɗawa. Saboda haka katako ya dace da abin da ke da tsufa da nauyi: yunwa, fari, yaƙi, daji. A arewa maso gabashin Burazil, inda ake sayar da ƙananan littattafan waƙoƙin baka a kasuwa, da katako ake buga hotunan bangonsu. J. Borges, mutumin garin Bezerros da aka haifa a 1935 ya rasu a 2024, ya shafe rayuwarsa yana yanka shaiɗanu da macizai da 'yan fashin daji ta wannan hanya. Siffofinsa masu kauri ne, ba ƙawa, kamar maganar mutumin ƙauye da ba ya kewaye-kewaye.

Lino, wato linoliyam, abin shimfiɗar daɓe ne da aka ƙirƙiro a Ingila wajen 1860, daga baya masu zane suka gano yana yankuwa. Ba shi da jijiya, wuƙa na juyawa a cikinsa duk inda ka so, kuma baƙinsa na fita sumul. Muryarsa a sarari take, mai kaifi, shi ya sa ya dace da wayo da barkwanci da labari mai mutane da yawa. A cibiyar koyar da fasaha ta Rorke's Drift a Afirka ta Kudu, wadda aka kafa a farkon shekarun 1960, ɗalibai irin su Azaria Mbatha da John Muafangejo ɗan Namibiya sun mayar da lino baƙi da fari abin ba da labari, har Muafangejo kan yanka rubutu a cikin hoton ya zauna tare da mutanen. In da Gizo zan yi yana yaudarar Kura, ko yana cacar baki da Ƙoƙi, lino zan ɗauka ba tare da shawara da kowa ba.

Akwai kuma karce a bushe. Ana ɗaukar allura mai ƙarfi ko ƙusa da aka wasa, a karce faifan roba mai santsi ko na alminiyam. Tawada na shiga cikin karcen, a goge saman, a buga a kan takarda mai danshi. Gefen karcen yana tayar da ɗan ɓurɓushi da ke riƙe tawada, sai layin ya fito da laushi kamar hayaƙi. Wannan ita ce muryar raɗa. Ta dace da aljanu, da mafarki, da marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi da dare.

Ta huɗu ita ce bugun manne-manne: a manna yashi, da zare, da ƙyalle, da busasshen ganye a kan kwali, a shafe da gam ya bushe, a sa tawada a buga. Ba ta ba da layi mai tsabta, amma tana ba da jiki: kaushin bangon ƙasa, saɓar maciji, bawon kuka.

Kada a ɗauka iyakar dabarun ke nan. Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Najeriya wanda aka haifa a 1932 a Agbarha-Otor da ke jihar Delta ta yanzu, ya yi karatu a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a ɗauki dabarun da aka koyo daga Turai a zuba musu abin gida. Shi Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin ƙabilarsa ta Urhobo. A 1967 ruwan asid, wanda ake fitar da zane da shi a jikin ƙarfe, ya lalata masa faifan ƙarfe, ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, da ya buga sai ya ga takardar ta fito da tudu da kwari kamar sassaƙa. Daga nan ya gina dabarar da ya raɗa wa suna filastogiraf, kuma wannan kaurin jiki ya dace da duniyar iskoki da kakanni da yake zanawa fiye da layi siriri.

Don fargabar bakin Kusugu, na auna tsakanin katako da lino, na tsaya a kan katako. Ina son duhun ya zama mai motsi, ba sumul ba. Amma matakan da ke tafe duk ɗaya ne ga mai lino.

Mataki na uku: kayan aiki

Allo mai faɗin tafin hannu biyu ya isa ga mai farawa. In katako ne, nemi filawud mai kyan fuska wurin kafinta, ka goge shi da samfefa mai laushi. Wuƙaƙen sassaƙa biyu sun wadatar: mai baki kamar V don layi, da mai baki kamar U don kwashe fili. In ba a samu na kanti ba, ƙarfen tsohuwar lema yana da kwari a tsakiyarsa. A yanke shi, a wasa bakin a dutse, a kafa masa ƙota. Sai rola ta roba, da gilashi mai kauri na baje tawada, da cokali, da kananzir ko man gyaɗa na wanki. Tawada mai mai irin ta masu buga takardu tana aiki sosai, kuma ɗan kaɗan a gwangwani zai daɗe maka. Takarda kuwa, marar ƙyalli kuma marar kauri, domin da hannu za ka buga.

Wuƙa ta kasance da kaifi kullum. Dakusasshiya ita ke zamewa ta sari mutum. Hannun da ke riƙe allo ya zauna a bayan wuƙa, kada ya taɓa shiga gabanta.

Mataki na huɗu: fara da dare, sannan ka tuna da madubi

Mai zane da fensir yana farawa da farar takarda ya ƙara baƙi. Mai sassaƙa allo akasin haka yake: allon da ba a taɓa ba, in aka buga shi, baƙi ƙirin zai fito. Duk inda ka sara, haske ka buɗe. Wannan ya yi daidai da tatsuniya, wadda dama da dare ake yin ta. Saboda haka ka shafe allon da baƙar tawada ta ruwa ya bushe, ka zana da farin alli. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: ina haske ya faɗa?

A hotona, kusan kashi uku cikin huɗu na bar shi baƙi. Hasken wata ya taɓa kafaɗar mutumin, da bakin wuƙarsa, da igiyar da ta miƙe tsam, da gefen bakin rijiya. Cikin rijiyar ban taɓa shi ba ko kaɗan. Macijin ba ya cikin hoton, amma duk wanda ya san labarin idonsa can yake zuwa. Na daɗe da gamsuwa cewa Dodon da aka nuna shi duka, da haƙora da farata, ya rage ban tsoro. Tsohuwa ma ba ta siffanta shi ƙafa da kai, murya kawai take canzawa. Wannan hanya kuma tana buɗe ƙofa ga waɗanda, saboda fahimtarsu ta addini, ba sa zana mai rai: rijiya, da guga, da takalmi ɗaya da aka bari a bakinta, da sawu a ƙasa sun isa su ɗauki labarin gaba ɗaya.

Sai maganar juyi. Abin da ke dama a allo, hagu zai koma a takarda. A wasu wurare wannan ƙaramin abu ne, amma a wurinmu hannu yana da ma'ana. Na taɓa kwashe kwana huɗu ina yanka hoton yarinya tana miƙa wa tsohuwa ƙwaryar ruwa, da na buga sai ga ta tana miƙawa da hagu. Labarin na ladabi ne, hoton ya koma na raini, kuma allon da aka sara ba ya komawa. Tun daga ranar ba na sa wuƙa sai na ɗaga allon gaban madubi. Abin da madubi ya nuna, shi takarda za ta nuna. In akwai rubutu, na boko ko na ajami, a juye za ka yanka shi, kamar yadda mai hatimi ke yi. Hanya mai sauƙi ita ce ka yi zanen a takarda da fensir mai laushi, ka kifa ta a kan allo, ka goga bayanta. Zanen zai sauka a juye da kansa.

Mataki na biyar: yanka

Kowane irin sara yana da abin da yake faɗa, kuma gara ka gwada su a guntun allo kafin ka taɓa na gaske.

Layi dogo mai lanƙwasa, wanda aka ja da numfashi ɗaya, yana kawo natsuwa: ruwa, barci, tafiyar raƙumi. Gajerun sara masu tsini, an jera su kusa da kusa suna fuskantar wuri guda, suna kawo tashin hankali, ido ya kasa zama. Ɗige-ɗige da bakin wuƙa suna ba da ƙura ko taurari ko hasken da bai gama wayewa ba. Layukan da suka gitta juna suna ba da toka-toka, amma in sun yi yawa sai hoton ya yi sanyi, ya koma kamar na littafin makaranta. Masu sassaƙar ƙwarya sun san duk wannan tun kafin mu. Ka ɗauki ƙwarya mai zane ka duba yadda suke raba fili mai cike da fili marar komai, za ka koyi abin da wata guda na karatu ba zai ba ka ba.

Ga yadda na raba su a hoton Kusugu. Igiya layi ɗaya ce miƙaƙƙiya, na yanka ta da wuƙar V a ja guda, domin in ta yi rawa nauyin da ke ƙasa ya tafi. Sararin sama na yi masa gajerun sara da suke karkata zuwa bakin rijiya, yadda duk hoton ke gangarawa can. Rigar mutumin kuwa layuka uku ne kacal masu laushi. Shi a natse yake, duniyar da ke kewaye da shi ce ke rawa. Da na juya abin, na sa tsinin a jikinsa na bar sama sumul, da hoton ya ce tsoro yake ji, labarin kuma ba haka ya ce ba.

A wuraren da ka kwashe fili da wuƙar U, ƙananan tudu kan rage, su ɗauki tawada su fito kamar ɓurɓushi a cikin farin. Masu farawa kan bi su su share tas. Kada ka yi gaggawa. Wannan ɓurɓushin shi ke sa fari ya yi numfashi, kuma in ka kwashe filin ta fuska ɗaya da gangan, sai ya zama iska ko zafin rana. Inda kake son shiru ne kawai za ka share shi.

Ka yanka kaɗan, ka tsaya. Kana iya ƙara sara gobe, amma ba ka iya mayar da wanda ka yi.

Mataki na shida: tawada da bugun gwaji

Ɗebi tawada kamar ƙwayar gyaɗa biyu ka sa a gilashi, ka yi ta mirgina rola gaba da gefe har ta baje. Kunne ne zai gaya maka ta yi: in tana ƙara mai ɗanko kamar ana taka laka, ta yi yawa, in tana ɗan sauti siriri, ta yi daidai. Shafa wa allo sau da yawa, siriri-siriri. Tawada mai yawa tana cike ƙananan layuka ta kashe su.

Ɗora takarda sau ɗaya, kada ka ja ta. Riƙe ta da hannu guda, ka goga bayanta da bayan cokali, kana zagayawa daga tsakiya. Ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa, in bai kama ba ka mayar ka ƙara.

Cokalin nan ma murya ne. Inda ka danna da ƙarfi baƙi zai fito ƙirin, inda ka sassauta zai fito da farin ɗigo kamar hazo. A hotona na danne cikin rijiya iya ƙarfina, na sassauta a sama don jijiyar katako ta fito. Sai ya zama akwai baƙi iri biyu, kuma mafi duhun shi ne inda macijin yake. Injin bugu ba zai ba ka wannan ba, domin shi kowane wuri ɗaya yake dannawa.

Mai karce a bushe kuwa cokali ba zai ishe shi ba, sai matsi mai ƙarfi. Injin murza taliya na hannu yana yin aikin ga ƙaramin faifai: a haɗa faifan da takarda mai danshi tsakanin ƙyalle biyu masu kauri a murza. Injin da ya taɓa tawada kada ya koma kicin. Kuma ɓurɓushin gefen karcen yana kwanciya bayan bugu goma ko makamancin haka a faifan roba, laushin layin ya ragu.

Manna bugun gwajin a bango, ka ja da baya taku biyar, ka tambaye shi kalmar da ka rubuta tun farko.

Mataki na bakwai: launi, in har ana bukatarsa

Sau da yawa ba a bukata. In za ka ƙara, ƙara ɗaya, kuma ka san dalili. Shuɗi mai duhu irin na rinin Ƙofar Mata yana mayar da dare mai ban tsoro ya zama mai kewa. Ja ɗan kaɗan a wuri guda yana jan ido fiye da komai, saboda haka kada ka ba shi sai abin da labarin ya rataya a kai. Ruwan ƙasa yana tsufar da hoto.

Hanya biyu ce. Ko ka yanka allo dabam ga kowane launi, kamar yadda masu bugun katako na Japan suke yi, su da suke yanka 'yar alama a gefen kowane allo don takarda ta zauna wuri ɗaya a kowane bugu. Ko ka yi da allo guda: ka buga launi mai haske a duk takardunka, ka ƙara sassaƙe allon, ka buga mai duhu a kai. Picasso, shahararren mai zane ɗan ƙasar Spain, ya yi aiki da wannan hanya a lino wajen 1959. Tana da arha, amma allon na cinyewa yayin da kake tafiya, ba komawa baya, don haka ka buga takardu fiye da yadda kake bukata tun a launin farko.

Mataki na takwas: bugu na gaske da shanya

In gwaji ya gamsar da kai, yanke adadin da za ka buga, a ce 20, ka yi su a zama ɗaya don tawadar ta zo iri guda. A ƙasan kowanne ka rubuta da fensir: lamba a hagu, kamar 3/20, sunan hoton a tsakiya, sa hannunka a dama. In ka ce 20, ka tsaya a 20. Amana ce tsakaninka da wanda ya saya.

Rataye su a igiya da maƙalin shanya a cikin ɗaki. Tawada mai mai tana ɗaukar kwanaki kafin ta bushe, da damina ta fi daɗewa. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, tana manne wa ɗanyen baƙi ta dusashe shi, sai a rufe taga. Wanke allo da rola da ɗan kananzir a wuri mai iska, ka nannaɗe allon a jarida ka ajiye shi a kwance don kada ya lanƙwashe.

Kafin ka kai hoton ko'ina, nuna wa wanda ya san labarin tun yana yaro, kada ka gaya masa sunansa. Na kai nawa wurin wata gwaggona. Ta riƙe shi nesa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sa yatsa a kan baƙin cikin rijiyar ta ce, "Ɗan nan, yana ciki ko?" Na ce yana ciki, Gwaggo. Ta ce in rage hasken da ke bakin wuƙar, ya yi yawa ga daren da wata bai cika ba. Wannan gyara ba ya yiwuwa a allon da aka riga aka sara, sai na sayi wani katakon na sake yankawa daga farko, na bar bakin wuƙar layi ɗaya siriri.